Ranar Da Na Yi Wa Jirgin Baba Tsari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Alhamis a shekarar 2009, ranar da na tsaya a tsakiyar kwalta gaban maza bakwai ina ihu a kan maganar gishiri. Ni da ko malama ce ta kira sunana a aji, sai ta maimaita kafin ta ji na amsa. Amma bari in faro daga farko, wataƙila in kun ji yadda abin ya soma ku rage mini dariya.

Lokacin shekarata goma sha biyu, muna zaune a unguwar Mahjar a Jidda, can ƙarshen unguwa inda gidaje suke ƙarewa ɗakunan ajiyar kaya su fara. Ba gidanmu ba ne. Wani makeken hosh ne, fili mai doguwar katanga, na kafilin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, Abu Majid, mai sayar da firji da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya lalace nan ake kawo shi. Baba ya gyara na gyarawa, sauran su tsaya inda aka sauke su. Mu kuma aka ba mu ɗakuna uku a bakin ƙofa, ni da Baba da Mama da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. (Shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai "Mamana". Ita kuwa "takwara" take ce mini, in na ɓata mata rai ta ce "takwarar banza".)

Ban taɓa ƙirga firjin nan ba, don ban taɓa yarda na wuce layi na uku ba. Farare ne, a jere, sahu-sahu, mafi yawansu ƙofa a ɗan buɗe. Da rana tsaka, in zafi ya kai inda ya kai, sai ka ji ɗaya ta yi ƙara can ciki, ƙiiii, alhali ko ganye ba ya motsi. Baba ya ce ƙarfe ne ke miƙewa. Ban yi musu ba. Ban kuma wuce layi na uku ba.

A wannan hosh ɗin aka kawo jirgin.

Abu Majid yana da sha'awar jiragen wasa, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Sai dai wannan kalmar "wasa" ba ta dace da shi ba. Ruwan toka ne, ya fi ni tsawo nesa, kuma ba farfela a hancinsa. Inji gare shi irin na jiragen gaske, turbin, girmansa kamar flas ɗin shayi, a kwance cikin cikinsa, kananzir yake sha. A wurin zaman direba akwai ɗan mutum na roba da hular kwano, fuskarsa baƙin gilashi kawai. Duk inda na tsaya sai in ga kamar ni yake fuskanta.

Kafin Baba, wani ne ke haɗa wa Abu Majid jiragensa. Ɗaya ya faɗi a tashin farko ya kama da wuta, daga ranar ba a sake ganin mutumin a hosh ba. Ba wanda ya yi mini bayani, amma ina da kunne. Na ji Mama tana ce wa Baba a hankali, "Watan nan za a sabunta iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, ka tuna. Ɗakunan nan ma nasa ne." Baba ya ce, "Na sani." Daga nan na gane cewa in jirgin nan ya faɗi, ba shi kaɗai zai faɗi ba.

Hutun makaranta ne, rubutuna kuma yana da kyau, sai Baba ya ɗauke ni aiki. Ni ce mai littafi. Shi ya auna, ni in rubuta. Kuma gaskiya na ji daɗin aikin, don ba ya buƙatar magana. Mako uku muka yi. Ya tace kananzir sau biyu, ya haɗa shi da ɗan man inji. Ya bi tiyon mai da ido kamar mai tsintar shinkafa, yana neman ƙwayar iska, don ya ce ƙwaya ɗaya in ta kai inji a sama za ta iya kashe shi. Ya sa raga a bakin injin saboda yashi. Ya liƙe duk wata 'yar kafa da ke tsakanin fiffike da abin da ke motsi a bayansa, wai iska in ta sami wurin kutsawa tana jan jirgi baya, ya sha mai a banza. Ya ɗauko rula ya auna iyakar ɗagawar kowane sashe, dama da hagu sai sun zo daidai.

Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita nauyi. Akwai ɗigo biyu da ya yi da jan biro a ƙarƙashin fikafikan. Sai ya ɗora jirgin a kan wasu sanduna biyu daidai ɗigon, ya ja baya, mu zuba ido. In hanci ya sunkuya da yawa, bai yi ba. In wutsiya ta sauka, bai yi ba sam.

Na ce, "Baba, ka liƙa masa dalma mana a gaba."

Ya ce, "Ragwaye ke yin haka, Mamana. Duk nauyin da ka ƙara, mai zai ci, gudun sauka kuma ya ƙaru. Abin da ke ciki za mu matsar."

Haka ya yi ta matsar da batir gaba, faɗin yatsa, rabin yatsa, yana ɗaurewa yana kwancewa, har ranar Litinin jirgin ya tsaya cak a kan sandunan, hanci ya ɗan rusuna kaɗan kamar mai gaisuwa. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Rubuta: halas, an gama. Ko ƙuda kada ya sake sauka a kansa." Ni na rubuta wannan da hannuna, har na ja layi biyu a ƙasa. Ku riƙe wannan.

Ranar Talata da yamma aka fara tada injin. Baba ya ɗaure jirgin da igiya a jikin wani turken ƙarfe, ya ajiye tukunyar kashe gobara kusa da ƙafarsa, ya toshe mini kunne da auduga. Ƙarar ta fara kamar fito, ta yi ta hawa har na ji ta a haƙorana. Iskar da ke fita ta bayansa ta sa ƙofofin firji na layin farko suka yi ta buɗewa suna rufewa, gaba ɗayansu. Bayan 'yan mintoci ya kashe. Daidai nan muka ji masallacin bayanmu an tada sallar La'asar.

"Subhanallah, ban ji kiran ba!" Ya ajiye rimot a kan tebur, ya zura takalmi. "Zauna nan ki kula da shi. Kada ki taɓa komai, kada ki kashe komai." Ya fita da gudu.

Wanda ya san Jidda ya san shirun lokacin salla. Shaguna a rufe, titi ba mota. Na cire audugar, shirun ya zama kamar an danna mini shi a kunne. Ba abin da nake ji sai ƙarfen injin yana ɗan ƙas, ƙas, ƙas. Iskar da ke saman wutsiyar tana rawa. Wata kyanwa da ke kwance a inuwar katanga ta miƙe, ta dubi jirgin, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Sai ya yi numfashi.

Wallahi ba ni da wata kalma. Daga cikin cikinsa wani sauti ya taso, huuuuu, iska mai ɗumi ta fito ta baya ta tada ƙura kaɗan, sannan ya yi shiru. Na dubi rimot. Yana kan tebur, taku biyar daga inda nake, ba kowa kusa da shi. Na ce a raina kunnena ne. Na ƙirga har goma. Huuuuu. Wannan karon har abin da ke bayan fiffiken hagu ya ɗan girgiza, kamar fatar doki in ƙuda ya sauka. Ɗan mutumin roba yana nan yana fuskantata. A can layi na biyar ko na shida, wata ƙofa ta ce ƙiiii.

Sau biyar ya yi. Ban gudu ba, kada ku ɗauka jarunta ce, ƙafafuna ne suka ƙi. Da Baba ya dawo, jirgin ya yi lamo kamar bai taɓa yin komai ba.

"Lafiya, Mamana? Kin yi fari."

"Lafiya lau."

Kun ga, nan ne wurin da yarinya mai hankali za ta buɗe baki. Tambaya ɗaya ce. Amma na ji tsoron ya yi mini dariya, na kuma ji tsoron ya ce aikin ya fi ƙarfina ya karɓe littafin. Sai na kai ƙara inda na san ba za a yi mini dariya ba.

Kaka tana kan tabarma tana tsinke zogale. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ko ɗaga kai ba.

"To me kike mamaki? Tun ranar da muka tare nake gaya wa ubanki wurin nan da masu shi. Akwatuna rututu, duhu a ciki, ba mai buɗewa, ina kike so mutanen ɓoye su zauna? Yanzu an kawo musu mai fiffike, sun samu na hawa."

"Kaka, in suna ciki ranar Alhamis da za a tashe shi fa?"

"Sai su kai shi inda suka ga dama."

Na tuna maganar Mama.

"Me ake yi?"

"Abin da aka saba. Gishiri, habbatus sauda, da ƙarfe. Ba sa son ƙarfe. Ke ma da aka haife ki sai da na sa miki wuƙa a ƙarƙashin katifa kwana arba'in, ga ki nan, in ban da rashin baki ba abin da ya same ki. A sa a inda abin yake numfashi."

Ranar Laraba, da Baba ya tafi sallar Azahar, na shiga kicin. Na ɗebi gishiri mai tsakuwa cikin tafi biyu. (Na ƙara na uku, don aljanin da zai iya hura injin jirgi ba ƙarami ba ne.) Na zuba habbatus sauda. Ƙarfe kuwa, na samo wani tsohon kwaɗon ƙofa da makullinsa ya ɓata. Na rasa abin ƙunshewa, sai na jawo safar makarantata daga kwandon wanki, na zuba, na ƙulle bakin. A ƙarƙashin wutsiyar jirgin akwai wata 'yar ƙofa mai noti huɗu, na sha ganin Baba yana buɗe ta. Na kwance, na cusa ƙunshin a gefen bututun da iska ke fita, na mayar da notin yadda na same su, har da juya kawunansu su kalli gefe ɗaya kamar yadda yake yi. Ban kalli ɗan mutumin roba ba ko sau ɗaya.

Za ku ce, ke da kika ja layi biyu? Ni ma na sha tambayar kaina. Iyakar abin da zan ce shi ne, a kaina a lokacin, abin tsari ba ya cikin abubuwan da ke da nauyi. Batir yana da nauyi, dalma tana da nauyi. Wannan kuwa magani ne.

Ranar Alhamis bayan sallar Asuba muka ɗora jirgin a bayan mota muka yi arewa, muka wuce gari gaba ɗaya. Wurin da suke tashin jiragen wata unguwa ce da aka shata ba a gina ba. Tituna ne masu kwalta, miƙaƙƙu, da turakun fitila a jere, da shataletale, har da gefen tafiyar ƙafa, amma ba gida ko ɗaya. Raɓar teku ta kwanta a kan komai, turakun nesa sun zama kamar mutane a tsaye cikin hazo. Abu Majid da abokansa biyar suna can da shayinsu. Ni aka bar ni cikin mota da littafi da agogon ƙirga lokaci, gilashi a sauke, cikin sabuwar abayar da Mama ta saya mini da tsawo wai zan girma a ciki.

Ina jin su suna hira da Larabci yayin da Baba ke ɗaura fikafikai. Wani mai furfura a cikinsu ya tambaya, "Ya mu'allim, ka daidaita nauyinsa?"

Baba ya ce, "Sai da na kwana uku a kai. Wannan ba ya yafiya. In wutsiya ta rinjayi hanci ko da kaɗan ne, yana barin ƙasa zai miƙe tsaye ya juyo da baya. Ba rimot ɗin da zai tare shi."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a ƙeya. A karo na farko na ji nauyin ƙunshin nan a tafin hannuna, nauyinsa na gaske. Kwaɗon ƙofa. Gishiri tafi uku. A can ƙarshen wutsiya.

Na ce zan kira Baba. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Maza biyar baƙi, ga kafili. Na ce bari ya zo ɗaukar wani abu a mota in raɗa masa. Bai zo ba.

Aka tada inji. Fiton ya hau. Can sai wani ƙamshi ya biyo iska, ba na kananzir ba, wani abu mai ɗaci-ɗaci kamar ana suya a wani gida. Mai furfurar ya ɗaga hanci. "Wa ke turare a nan?" Suka waiga dama, suka waiga hagu. Tituna ba kowa, hazo, turaku. Wani ya ce a'uzu billahi a hankali. Dariyarsu ta ɗauke. Ni kaɗai a duniya na san habbatus sauda ce ke gasuwa.

Abu Majid ya karɓi rimot ya fara tafiyar da jirgin a kan kwalta zuwa inda zai juyo ya taso. Duk 'yar tsakuwar da ya taka, sai tayar gaba ta ɗaga sama, ta daɗe kafin ta sauko, kamar wani na riƙe da haɓarsa yana ɗagawa. Na ga wuyan Baba ya sandare.

Ya ce wa Abu Majid, "Ammi, dakata. Bari in sake ɗaga shi in ji."

"Ya Usman, sau nawa za ka auna? Rana na fitowa, iska za ta taso. Halas, yalla."

Baba ya ja baya taku ɗaya, ya haɗa hannuwansa a baya. Wannan ja da bayan shi ya fitar da ni daga mota. Jirgin ya juyo ya fuskanci dogon titin, ƙarar ta fara hawa, ni kuwa na kwasa da gudu. Taku na shida na taka bakin abaya na kife a kwalta, littafi ya yi gabas, agogo ya yi yamma. Na miƙe da gwiwa a ƙuje, na tsaya a tsakiyar titi na ɗaga hannu biyu, na ƙwala ihun da ban san ina da shi ba:

"Baba, akwai gishiri a ciki! Da kwaɗo!"

Da Hausa na faɗa. Abu Majid ya sauke ƙarar injin don dole, tunda ga yarinya a kan hanya. Ya dubi Baba. "Esh tigul? Me take cewa?"

Baba ya dube ni. Sannan ya ce da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "Ta ce... akwai gishiri."

Aka kashe inji. Cikin shirun da ya biyo baya, ga maza bakwai a tsaye, jirgin ya ce huuuuu. Na yi tsalle na riƙe rigar Baba. "Ka ji ko! Ka ji shi! Haka ya yi ranar Talata!"

Ba wanda ya ko motsa. Mai furfurar ya kurɓi shayinsa. Baba ya rufe ido ya ce, "Mamana. Fifita yake yi. In an kashe shi da zafi, akwai ɗan ƙaramin injin lantarki a ciki da ke juya shi lokaci-lokaci har ya huce, don kada ya ƙone kansa. Haka aka yi shi. Shi ya sa na ce kada ki kashe komai."

Da injin ya huce, Baba ya kwance noti huɗun nan, ya zura yatsu biyu ya jawo. Ya ɗaga ta sama, don kowa na son gani. Safata ce fara ta makaranta, wadda ba a wanke ba, gefe ɗaya ya babbake, diddigen kuma ga ɗinkin Kaka da zare kala uku, kore da ja da ruwan goro. Tana lilo a hannunsa, sai ƙonannen gefen ya ɓarke, gishiri ya zubo a kan takalmin Abu Majid, kwaɗon ya biyo baya ya faɗi a kwalta, ƙwal.

Na roƙi Allah ƙasa ta tsage. Kwalta ce sabuwa, ba ta tsage ba.

Abu Majid ya sunkuya ya ɗauki kwaɗon, ya jinjina shi a tafinsa. Na ga fuskarsa ta canja, ya dubi jirgin, ya dubi dogon titin. Bai yi dariya ba tukuna. Ya ce wa Baba, "Ka ce in dakata, na ƙi." Sannan ya juyo gare ni. "Ya binti, aljanu kika kora?" Na gyaɗa kai, ina kallon yatsun ƙafata. Nan fa ya fashe. Har ya zauna a gefen titi yana share hawaye, sauran suka biye masa, mai furfurar yana cewa a ba shi sauran gishirin ya sa a motarsa, ita ma tana numfashi da safe.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya duba wayoyin wutsiya ɗaya bayan ɗaya ko zafi ya taɓa su. Ya zuƙe man da ke tanki, shi da mai furfurar suka ɗaga jirgin a kan yatsunsu daidai jan ɗigon nan, hanci ya ɗan rusuna. Wannan karon ba wanda ya ce masa yalla. Aka sake zuba mai. Ya tsinto agogon ya miƙa mini. "In ya cika minti shida a sama, ki gaya mana. Da ƙarfi, tunda yanzu mun san kina iyawa."

Jirgin ya tashi sumul. Ban ga da yawa ba, idona na kan agogo, kuma yana cike da ruwa. Da ya sauka, Baba ya leƙa tanki ya ce in rubuta: saura kashi ɗaya cikin uku. Na rubuta.

A hanyar gida, mun wuce rabin gari, Baba ya ce, "Da addu'a kika tofa masa, Mamana. Ita ba ta ƙara wa jirgi nauyi."

Kaka kuwa, da aka ba ta labari, ko a jikinta. "Ni cewa na yi a sa a inda yake numfashi, ban ce a cusa masa a ciki ba, takwarar banza. Kuma tsaya, ya faɗi?"

Baba ya ce, "Bai faɗi ba, Inna, amma ai cirewa muka yi."

"Bayan ya kwana a ciki. To."

Aka sabunta iƙamarmu a ƙarshen watan. Har muka bar hosh ɗin nan, in Abu Majid ya zo ba ya tambayar Baba lafiyar iyali, sai ya ce, "Ina Shaihiyar gishiri?" ni kuma in shige bayan ƙofa.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya ba ka tsoro, fara tambayar wanda ya haɗa shi kafin ka tambayi kakarka. In kuma ka ƙudura sai ka yi wa wani alheri a ɓoye, to ka jinjina alherin a hannu ka ji nauyinsa tukuna. Sannan don girman Allah, ka ƙunshe shi a wankakkiyar safa.